Kunun Kanwa da Zuciyar Mai Jego

Kunun kanwa shi ne abin sha na farko da ake dama wa mace idan ta sauka lafiya a yawancin ƙasar Hausa. Gero ake surfawa a wanke, a niƙa shi da citta da kanumfari da barkono, wasu su ƙara masoro da kimba, sannan a dama da ruwan kanwar da aka jiƙa aka tace. Kowa na shan sa, musamman da azumi ko da sanyin safiya, amma na mai jego daban yake: ya fi yaji, ya fi jin kanwa, kuma ba sau ɗaya ake kai mata shi a yini ba. Daga ranar haihuwa har a yi arba'in ba ya yankewa a ɗakinta. Tafiyarsa ɗaya da wankan jego da ƙauri da yaji da ɗumama ɗaki, domin duk tsari guda ne na gyara jikin da ya sha wuyar naƙuda. Tun shekarun 1970 sunan wannan kunu ya shiga littattafan likitancin zuciya na duniya, saboda an danganta shi da wani ciwon zuciya mai kama mata bayan haihuwa, wanda ba a taɓa ƙirga yawansa a ko'ina ya kai na arewa maso yammacin Najeriya ba.

Ita kanwa ma'adini ce da ke taruwa a ƙasan tafkuna da kwaruruwan da ruwansu ke ƙafewa da rani. Babban sinadarin cikinta sodiyam ne, shi ne kuma wanda ke cikin gishirin miya, sai dai a kanwa ya haɗu da wani abu daban, shi ya sa harshe ba ya jin ta a matsayin gishiri. Ƙasar Hausa ba ta da ita da yawa, daga gabas da arewa take zuwa. Ana kwasar ta a ƙasar Manga, tsakanin Gure da Maine Sorowa a Nijar ta yau, ana haƙar ta a Kanem, gabashin tafkin Chadi, inda ake fitar da ungurnu fale-fale, a da Buduma kan tsallako da ita a jiragen ruwa zuwa Baga. Akwai kuma wadda ake samu a Dallol Boso can yamma. Fatake sun daɗe da rarrabe ta, akwai jar kanwa, akwai fara, akwai ungurnu, kowace da kuɗinta da aikin da ake yi da ita. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar dubban kaya na kanwa suna ratsa birnin kowace shekara daga Barno zuwa ƙasar Nufe, ban da wadda masu fataucin goro ke ɗauka har Gwanja. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa na 1986 kan gishirin Sudan ta Tsakiya.

Abin da wannan fatauci ya haifar a cikin gida shi ne araha. Gishirin Bilma mai kyau, wanda ayarin Abzinawa ke kawowa a kan raƙuma, a da abu ne mai daraja da talaka ke taɓawa da ƙididdiga, alhali kanwa tana kowace kasuwar ƙauye, ɗan kuɗi kaɗan ya sayi ta mako guda. Da ita ake nunar da wake da wuri, da ita ake sa kuɓewa da kuka su yi yauƙi, da ita ake kwaɓa ɗanwake. Ana ba dabbobi su lasa, ana haɗa ta da taba gari, ana jefa ta cikin jiƙe-jiƙen ciwon ciki. Abin da ya zama abinci ya kuma zama magani a lokaci guda, wanda kowace tsohuwa ta taso ta gan shi a hannun kakarta, da wuya a yarda cewa zai iya cutarwa.

Tushen al'adar jego kuwa fahimtar Bahaushe ce game da sanyi. A wannan fahimta mai jego tana da ɗanyen jiki, ƙofofinsa a buɗe, kuma sanyi na iya shigar ta ta iska ko ta ruwa ko ta abinci, ya kwanta a jijiyoyi, ya fito daga baya a matsayin kumburi ko ciwon gaɓoɓi ko rashin ƙarfi na shekaru. Maganinsa a gasa jikin ciki da waje. Daga waje ana tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a tsoma ganyen runhu ko na tsamiya ko na darbejiya ana fyaɗa mata. Daga ciki kuma kunun kanwa da yaji da nama mai romo, musamman ƙaurin ƙafafun saniya da ake dafawa kafin suna. A wasu wurare ana ƙara gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, ta kwanta a kai. Wa'adin kwana arba'in ne, amma mai haihuwar fari takan zarce watanni. Ana kuma ganin kunun yana wanke cikin daga ragowar jinin biƙi, yana kawo ruwan nono.

Ba mai jego ce ke tsara wannan ba. Ungozoma ce ke fara shi, sai uwa ko gwaggo ko kaka ta karɓa idan an kai yarinya wankan gida, ko uwar miji idan a ɗakinta ta zauna. Miji nasa sayen itacen wanka da gero da kayan yaji da nama, kuma mutuncinsa na rataye da yadda ya sauke wannan nauyi. A labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ana ganin yadda dattijan mata ke riƙe da sha'anin haihuwa da jego a ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa. Ya kamata a yi wa al'adar adalci a nan: ta ba mace hutun kwana arba'in daga daka da ɗiban ruwa, ta ba ta abinci mafi kyau da gidan ke iya samarwa, ta kewaye ta da mata masu kula da ita da jaririnta. A zamanin da babu asibiti, ruwan da aka tafasa ma kariya ce daga cututtukan da ke kashe masu jego.

Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ne suka fara sa wa lamarin ido da ƙididdiga. Eldryd Parry ya zo Zariya a 1969 a matsayin farfesan likitanci, shi da Neil Davidson suka lura ɗakunan mata na cika da matasan iyaye masu kamanni ɗaya: ƙafafu da ciki a kumbure, haki, tari da dare, ba sa iya kwanciya sai a jingine, kuma duk sun haihu makonni kaɗan da suka wuce. Tsakanin 1969 da 1972 suka bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga cikakken bayaninsu a 1978. Ƙiyasinsu shi ne a Zariya ciwon na kama kusan mace 1 cikin kowace 100 da ta haihu, alhali a Amurka ana maganar 1 cikin dubbai ne. Kusan dukkan matan Hausawa ne ko Fulani. Sun kuma ga ciwon na da lokaci, ya fi yawa wajen watan Yuli, sa'adda zafi ya haɗu da laimar damina.

Kafin nan, a 1974, su biyun tare da Lorna Trevitt sun buga wani bincike a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya kan inda ciwon ya fi yawa a Najeriya. Sun same shi a yankunan Hausawa, ya fi tsanani a kewayen Zariya da Malumfashi, wato daidai inda aka fi matsa wa wankan zafi da gadon wuta da shan kanwa. Bayanin da suka bayar mai sauƙin ganewa ne. Juna biyu na ƙara yawan jinin jikin mace da kusan rabi, kuma bayan haihuwa jiki na buƙatar fitar da wannan rara. Sodiyam kuwa riƙe ruwa yake yi a jiki. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jinin fata, zuciya ta ƙara bugu don ta cika su. Idan aka haɗa kanwa mai yawa da zafi mai yawa a jikin da bai gama farfaɗowa ba, ga ƙarancin jini, ga hawan jini da da yawa daga cikin matan ke zuwa da shi, sai ya zama kamar an ƙara wa jakin da ya gaji mangala. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa suka duba irin waɗannan mata a Zariya da na'urar ɗaukar hoton zuciya, suka ga a yawancinsu tsokar zuciyar na matsawa daidai gwargwado, ruwa ne ya yi mata yawa. Hakan ya dace da abin da ake gani a gadon asibiti, inda maganin sa fitsari da hutu da barin kanwa kan sa kumburin ya saɓe cikin ɗan lokaci.

Gane sanadi abu ɗaya ne, canza abin da ke cikin ƙwarya kuma wani abu ne daban, kuma a nan tarihin ya fi koyar da yadda mai ciwon zuciya ke cin abinci. Matsala ta farko ita ce alamomin ciwon su ne ainihin abin da al'adar ke tsoro. Idan ƙafar mai jego ta kumbura, likita na ganin ruwa ya taru saboda zuciya ta gaza, tsohuwar gida kuwa na ganin sanyi ya shige ta, ba ta gasu ba. Hukuncinta shi ne a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara wa kunu kanwa. Duk su biyun ceton yarinyar suke nema, amma maganin ɗaya gubar ɗaya ne, kuma wadda ke kwana ɗaki ɗaya da mara lafiya ita ke rinjaye.

Sai kuma maganar iko. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ko sha bakwai da ta yi haihuwar fari ba ta da bakin da za ta ture ƙwaryar da uwar mijinta ta miƙo mata, ko da likita ya gaya mata kunne da kunne. Kunya ta hana, tarbiyya ta hana, tsoron a ce ta raina manya ya hana. Idan ta ƙi sha, daga baya jariri ya yi rashin lafiya ko nono ya ragu, laifin a kanta zai sauka. Tsoron ƙafewar nono ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ba shi da kuɗin madarar gwangwani, domin a can nonon uwa shi ne ran jariri. Shawarar da aka bai wa mara lafiya ita kaɗai a ɗakin likita, ba a kira mai dama kunun ba, ba a kira mai sayen kanwar ba, takan tsaya ne a ƙofar asibiti.

Akwai kuma giɓin da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka ji. Idan ma'aikacin lafiya ya ce a rage gishiri, uwargida ta rage gishirin miya da zuciya ɗaya, ta ci gaba da jefa kanwa a wake da kunu, domin a wurinta ba jinsi ɗaya ba ne. Tukunyar gida ma guda ce. A gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, ware wa mutum ɗaya miya marar gishiri na nufin wani itacen, wani man, wani lokacin, kuma mai cin ta na jin an fitar da ita daga cikin jama'a. Wannan bai tsaya kan masu jego ba, haka yake ga dattijo mai hawan jini da tsohuwa mai kumburin zuciya, waɗanda sukan bi doka mako biyu bayan sallama daga asibiti, sannan a hankali su koma akushin kowa.

Kusan shekara ashirin bayanin Zariya ya zauna a matsayin amsa, har ya zama abin da ɗaliban likitanci ke haddacewa. Daga baya aka fara samun abin da bai dace da shi ba. Ana ganin ciwon da yawa a Haiti, inda ake ƙiyasta 1 cikin 300, da Afirka ta Kudu, kuma babu mai shan kunun kanwa a can. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun bi masu jego da dama masu wannan ciwo, suka ba da rahoto a 1992 cewa sinadarin seleniyam ya yi ƙasa sosai a jininsu. Wannan ya tuna wa masana wani ciwon zuciya da aka gani a gundumar Keshan ta arewa maso gabashin Sin tun 1935, mai kama yara da mata masu shekarun haihuwa a yankunan da ƙasar nomansu ba ta da seleniyam, wanda ya ragu ƙwarai bayan an fara ba mutane sinadarin a shekarun 1970. A Sakkwato kuma binciken Simeon Isezuo na 2007 ya sami ciwon a haihuwa 1 cikin 102, wato yawansa bai ragu ba, kuma na'urorin zamani na nuna tsokar zuciyar da kanta ta saki a yawancin matan.

Aikin da ya fi girgiza tsohon bayanin daga Kano ya fito, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero. A binciken da suka buga a 2015 sun sami ƙarancin seleniyam mai tsanani a kusan kashi uku cikin huɗu na masu ciwon, alhali a masu jego lafiyayyu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Daga nan aka buɗe rajistar ƙasa baki ɗaya a cibiyoyi 22, aka tattara mata 406, aka buga sakamakon a 2020. Mafi yawansu daga arewa maso yamma suke, inda aka sami ciwon na kama har mace 1 cikin 96 da suka haihu. Abubuwan da suka bambanta masu ciwon da sauran masu jego su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu juna biyu. Wankan zafi da kunun kanwa ba su bambanta su ba, domin masu ciwon da lafiyayyun duk suna yi. Watan Yuli da likitocin farko suka lura da shi ma yana da wata fuskar, domin shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso ba.

Wannan bai wanke kanwa ga kowa ba. Abin da ya nuna shi ne ba ita kaɗai ke haddasa ciwon ba, kuma mai yiwuwa abin da aka gani a Zariya a 1970 ya haɗa masu raunin tsokar zuciya da waɗanda ruwa da zafi suka yi wa yawa, a zamanin da ake matsa wa al'adar fiye da yanzu. Ga macen da zuciyarta ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, ko wadda ta yi jijjiga wajen haihuwa, sodiyam mai yawa na ƙara kumburi da haki ko daga ina ya fito. Amma ya sauya inda ya kamata a fi zuba ido. Shekaru da yawa ana tambayar abin da mai jego ta sha ya yi mata yawa, ba a cika tambayar abin da ta rasa tun tana ɗauke da cikin ba. Seleniyam daga kifi da nama da ƙwai da kayan ciki aka fi samun sa, hatsi kuwa gwargwadon ƙasar da aka noma shi. A gidan da babu hali, ɓangaren jego mai tsada shi ke fara zubewa: ƙauri ya zama na kwana ɗaya, kaza ta zama labari, a bar mace da gero da kanwa da ruwan zafi, waɗanda su ne masu araha.

Al'adar kanta ta sauya kama, ko da yake ba ta gushe ba. Wani bincike da Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa suka buga a 2006 kan mata 300 a ƙauyen Ɗanbare, daf da Kano, ya sami fiye da kashi 80 cikin 100 suna wankan zafi suna shan kunun kanwa, amma masu kwanciya a gadon wuta ba su kai kashi 10 ba. A birane tsadar itace da ƙuncin gidan haya da haihuwa a asibiti, musamman ga wadda aka yi wa tiyata, sun rage zafin ruwan da tsawon kwanakin. Sai dai yayin da kanwar jego ke raguwa, sodiyam ya shigo madafa ta wasu ƙofofi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gishirin Ingila ya fara karya farashin na hamada, har gishiri ya daina zama abin tattali. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 dunƙulen magi ya shiga kowace tukunya, ya zauna kusa da daddawa ko ya maye gurbinta, kuma kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Farin magi ma sodiyam ne, haka garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara, haka yajin tsire da kilishi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma lissafin ya haɗa da duk waɗannan.

Shawarar da likitocin zuciya ke bai wa mai jegon da ciwon ya kama a yau ta haɗa da barin kanwa gaba ɗaya, da rage gishiri da magi, da wanka da ruwa mai ɗumi maimakon tafasasshe, da shan magunguna ba fashi, da jinkirta wani cikin har a tabbatar zuciyar ta dawo daidai, domin ciwon na iya dawowa da ƙarfi a haihuwa ta gaba. An fi samun biyayya idan aka ba da madadi maimakon hani kawai. Kunun tsamiya da kunun gyaɗa da koko suna ba da ɗumi da ƙoshi da ruwan da mai shayarwa ke buƙata ba tare da kanwa ba, citta da kanumfari da tafarnuwa da daddawa suna riƙe ɗanɗanon miya idan an rage gishiri, wake kuma na nuna ba kanwa idan an jiƙa shi tun dare. Ƙungiyar Ƙaraye ta kuma yi wani ƙaramin gwaji, wanda aka buga a 2020, inda aka bai wa masu ciwon da ke da ƙarancin seleniyam ƙwayar sinadarin na wata uku, aka ga alamomin ciwon sun ragu a wurinsu fiye da waɗanda ba a ba su ba.